Yadda Ake Fara Ɗaga Ƙarfe: Jagorar Makonni 12 Na Farko

Tambayoyin da masu karatu ke aikowa kan ɗaga ƙarfe kusan iri ɗaya ne: da kilo nawa zan fara, sau nawa zan yi a mako, me ya sa na yi wata shida ina ɗagawa jikina bai canza ba, me ke sa bayana ciwo. Amsar yawancinsu wuri guda take. Jiki ba ya ƙara ƙarfi sai an ɗora masa abin da ya ɗan ɗara wanda ya saba, a ba shi abinci da barci ya gyara kansa, sannan a sake ɗora masa ƙari kaɗan. Wanda ya shekara yana ɗaga gwangwanin siminti ɗaya kullum da yamma har gumi ya jiƙa shi sharkaf, wahala kam ya sha, amma ƙarfinsa tun watan farko ya tsaya, domin nauyin bai taɓa ƙaruwa ba. Duk matakan da ke ƙasa an jera su ne don ƙarin nan ya yiwu ba tare da an ji rauni ba.

Kalmomi biyu za su yi ta maimaituwa. Ɗagawa ita ce kai ƙarfe ka dawo da shi sau ɗaya. Zango shi ne jerin ɗagawar da za ka yi a jere kafin ka ajiye ka huta. Idan an ce zango 3, ɗagawa 5, ana nufin ka ɗaga sau biyar ka huta, ka yi hakan har sau uku.

Mataki na 1: Duba lafiyarka

Ka je a auna maka jini tukuna, ko a kyamis ne. Ɗaga nauyi yana sa bugun jini ya hau na ɗan lokaci, musamman idan aka riƙe numfashi. Mai hawan jini da bai daidaita ba, mai ciwon zuciya, mai sikila, mai ƙaba ko gwaiwa, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai juna biyu, duk su ga likita kafin su taɓa sanda. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar yin atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, har da tsofaffi, saboda haka likita zai fi gaya maka yadda za ka yi ne, ba lallai ya hana ka ba.

Mata suna iya bin wannan tsarin yadda yake, sai dai su fara da nauyi ƙasa da na maza, ƙarinsu ma ya zama ƙarami. Tsoron cewa jikin mace zai murɗe irin na namiji ba shi da tushe, domin sinadarin testosteron da ke jikinta ya gaza na namiji nesa ba kusa ba.

Mataki na 2: Haɗa kayan aiki

Sandar da ake gasa da ita ta maza kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2, kaurin wurin riƙo milimita 28. Ta mata kilo 15 ce, kaurinta milimita 25. Babban faifai faɗinsa santimita 45 ne, wato idan aka zura shi sanda tana tashi santimita 22 da rabi daga ƙasa. Ka riƙe wannan adadin, zai dawo a Mataki na 7.

Faifan da kake buƙata na watannin farko biyu-biyu ne: kilo 20, kilo 10, kilo 5, kilo 2.5 da kilo 1.25. Da sanda mai kilo 20, waɗannan za su ba ka kowane nauyi daga 20 zuwa 97.5, ana hawa da kilo 2.5. Idan ka kusa ƙure su sai ka ƙara faifan kilo 20 guda biyu. Ƙananan nan biyu na kilo 1.25 su ne aka fi rainawa, kuma su ne zuciyar tsarin. Wurin da ba su da su, dole mutum ya riƙa tsallake daga 40 zuwa 45, kuma a nan ake tsayawa cak ko a ji ciwo.

Ta fuskar kuɗi, hanyoyi uku ne. Mafi sauƙin farawa ita ce biyan kuɗin wata a gidan motsa jiki. Kafin ka biya, ka duba ko suna da maɗorin sanda na tsuguno da ƙananan faifai, domin injuna masu sheƙi ba za su maye gurbin waɗannan ba. Ta biyu ita ce sayen kayanka. Faifan ƙarfe ka lissafa shi bisa kuɗin kowane kilo, ka kwatanta sabo da na hannu, kuma ka fara kashe kuɗi a kan sanda mai kyau da maɗori, faifai ya biyo baya. Ta uku ita ce haɗawa a gida, wadda ita ce mafi arha.

Idan za ka zuba faifan kankare, awon shi ne kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, uku na tsakuwa. Lita ɗaya ta kankare tana kai kilo 2.4, don haka faifan kilo 20 yana cin lita 8 da ɗoriya. A cikin roba mai faɗin santimita 45 kaurinsa zai kai santimita 5 da kaɗan. Ka shafe robar da baƙin mai don ya fita lafiya, ka tsayar da guntun fayif ɗin roba a tsakiya daidai wanda sanda za ta ratsa, ka binne ragar ƙarfe a tsakiyar kaurin. Ka riƙa jiƙa shi na kwana bakwai, kada ka ɗora shi a sanda sai ya yi kwana 28. Buhun siminti ɗaya ya ishe ka duk faifan da aka lissafa har ya yi saura. Na kilo 10 zuwa ƙasa ka zuba su a ƙaramar roba, in ba haka ba za su yi siriri su fashe.

Gargaɗi: kada ka yarda da ƙiyasi. Ka kai kowane faifai kan sikeli, ka rubuta nauyinsa da fenti. Faifai biyu da za su zauna hagu da dama kada bambancinsu ya wuce rabin kilo. Sandar ma ka auna ta: curarren ƙarfe mai kaurin milimita 28 da tsawon mita 2.2 wajen kilo 10 da rabi ne kawai, ba 20 ba. Fayif ɗin ruwa mai rami a ciki kuwa yana lanƙwashewa, kada ka ɗora shi a wuyanka.

Maɗori ka kai wa mai walda ya yi da fayif mai kusurwa huɗu, faɗin inci biyu, mai kauri, da gindi mai faɗi wanda ba ya girgiza. Ka nace a sa masa matarai, wato ƙarafa biyu a gefe da za su cafke sanda idan nauyi ya fi ƙarfinka. Benci tsayinsa santimita 42 zuwa 45, faɗinsa wajen 30. Takalmi mai shimfiɗaɗɗen tafi mai tauri ake so. Na gudu mai laushi yana lotsewa ƙarƙashin nauyi, silifas kuwa santsi gare shi. Abu na ƙarshe shi ne littafin rubutu da biro.

Mataki na 3: Tsara mako

Kwana uku a mako, da kwana ɗaya na hutu a tsakani, misali Litinin, Laraba da Asabar. Tsoka tana ci gaba da gyara kanta na yini ɗaya zuwa biyu bayan atisaye, kuma a lokacin nan ne ƙarfin ke shiga. Ranaku iri biyu za ka riƙa musanyawa.

Rana ta farko: tsuguno da sanda zango 3 ɗagawa 5, turin ƙirji a benci zango 3 ɗagawa 5, jan sanda zuwa ciki zango 3 ɗagawa 8.

Rana ta biyu: tsuguno da sanda zango 3 ɗagawa 5, turi sama a tsaye zango 3 ɗagawa 5, ɗauka daga ƙasa zango 1 ɗagawa 5.

Wannan mako ka yi ta farko, ta biyu, ta farko. Mako mai zuwa ta biyu, ta farko, ta biyu. Hutu tsakanin zango minti 2 zuwa 3, idan nauyi ya yi nauyi har minti 5. Ka duba agogo, domin mai rage hutu yana kasa zango na uku ya zaci ƙarfi ne ya ƙare masa. Duka aikin bai kamata ya wuce sa'a ɗaya ba. Mai son damtse ya ƙara zango biyu na lanƙwasa hannu a ƙarshe, bayan an gama manyan.

Mataki na 4: Ɗumama jiki da gano nauyin farawa

Minti biyar na tafiya da sauri ko tsallen igiya, sai ka hau nauyin ranar a hankali. Idan kilo 60 za ka yi aiki da shi: sanda tsura sau 5 har zango biyu, kilo 30 sau 5, kilo 40 sau 3, kilo 50 sau 2, sannan 60. Waɗannan ba sa cikin lissafin zango ukun.

Ranar farko ka fara da sanda tsura, ka ɗaga sau biyar, ka ƙara kilo 5, ka sake. Da zarar ka ga sanda ta fara rage gudu wajen tashi, ka tsaya nan. Wannan shi ne nauyin farawarka. Zai yi maka kamar wasa, kuma haka ake so. A makonnin farko yawancin ƙarfin da kake samu daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo yake zuwa, suna koyon tara tsoka su yi aiki tare. Girman tsoka ba ya bayyana sosai sai bayan mako shida zuwa takwas. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi sun fi tsokar jinkirin ƙarfafa, shi ya sa mai gaggawa gwiwa da kafaɗa ke fara kama shi.

Gargaɗi: kada ka gwada iyakar abin da za ka iya ɗagawa sau ɗaya a cikin makonnin nan goma sha biyu, ko da abokai sun zuga ka.

Mataki na 5: Koyi numfashi kafin komai

Kafin kowace ɗagawa mai nauyi, ka ja iska ta cika ciki har ka ji gefen ciki da kwankwaso sun buɗe, ka ƙanƙame cikin kamar wanda za a kai wa naushi, ka riƙe har ka wuce wurin da ya fi wuya, sannan ka saki a sama ka sake ja. Iskar da ke matse a ciki ita ke tokare ƙashin baya daga gaba, kamar yadda tayar da aka ba iska ke ɗaukar kaya, wadda ta sace kuma ta lotse. Ka gwada ba tare da ƙarfe ba: ka dafa gefen cikinka da yatsu, ka ja iska, ya kamata ka ji an turo yatsun waje. Idan kafaɗu ne kawai suka ɗaga, a ƙirji ka tara iskar.

Gargaɗi: riƙe numfashi na ɗagawa ɗaya ne, daƙiƙa biyu zuwa uku. Idan ka ga duhu-duhu ko jiri, ka ajiye ka zauna. Mai hawan jini kada ya riƙe, ya riƙa fitar da iska yayin tashi, da nauyi marar yawa. Bel ɗin ɗaga ƙarfe ba ya aiki sai ga wanda ya iya wannan, don haka ba ka buƙatarsa a watannin farko.

Mataki na 6: Tsuguno da sanda

Shi ne 'yan jim ke kira sikwat, kuma shi ne ginshiƙin tsarin. Ka saita maɗori sanda ta zo maka tsakiyar ƙirji. Ka shiga ƙarƙashinta, ka matse allunan kafaɗa su haɗu, sanda ta kwanta a kan naman da ya taru a saman baya. Idan kana jin ta a kan ƙashin wuya, ta yi sama da yawa. Ka miƙe da ita, ka ja baya taku uku kawai.

Ƙafafu su kai faɗin kafaɗa, yatsu su ɗan kalli waje. Ka ja numfashi, ka karya ƙugu da gwiwa lokaci guda, gwiwoyi su bi inda yatsun ƙafa suka nufa. Ka sauka har lanƙwasar ƙugu ta ɗan wuce saman gwiwa zuwa ƙasa, sai ka taso, ƙirji da ƙugu su tashi tare. Wanda ya saba tsuguno a harkokinsa na yau da kullum saukar ba za ta ba shi wahala ba. Matsalarsa ita ce sakin jiki a ƙasa kamar mai hutawa. A nan ba a sakin jiki, ciki da baya a ɗaure suke tun daga sama har ka dawo.

Dokar da ta haɗa dukkan ɗagawar tsaye ita ce sanda ta zauna daidai saman tsakiyar tafin ƙafa. Duk santimitar da ta kauce gaba ƙarin kaya ne a kan kwankwaso. Ka jingina waya a gefe, daidai tsayin ƙugu, ka ɗauki bidiyon zango ɗaya. Sanda ta riƙa sauka da tashi a miƙe kamar guga a rijiya.

Kurakurai uku ne suka fi yawa. Gwiwoyi na faɗowa ciki wajen tashi: ka tura su waje, in sun ƙi ka rage nauyi. Dunduniya na ɗagawa: nauyinka ya koma kan yatsu, ka buɗe ƙafa kaɗan ka danne ƙasa da dukkan tafin. Ƙugu na riga ƙirji tashi har mutum ya zama kamar mai ruku'u: nauyin ya fi cinyoyi ƙarfi, ka koma baya da kilo 5 zuwa 10. Rabin tsuguno da faifai da yawa kuwa gwiwa yake wahalarwa, mazaunai da bayan cinya ba sa yin aiki sosai.

Gargaɗi: ka saita matarai ƙasa kaɗan da inda sanda ke kaiwa idan ka sauka. Ka koyi ajiye sanda tsura a kansu tun ranar farko, don ranar da nauyi ya danne ka jikinka ya san abin yi.

Mataki na 7: Ɗauka daga ƙasa

Ana kiransa dedlif. A nan aka fi jin tsoro, kuma a nan bin jeri ya fi amfani. Ka tsaya ƙafafu faɗin ƙugu, sanda a saman tsakiyar tafin ƙafa, tazarar yatsu biyu tsakaninta da ƙwauri. Ka sunkuya ka kama ta a wajen ƙafafunka ba tare da ka motsa ta ba. Ka karya gwiwa har ƙwauri ya taɓa sanda. Ka ɗago ƙirji, bayanka ya miƙe sumul daga ƙugu zuwa wuya, ka matse hammata kamar kana riƙe da takarda a ciki. Ka ja numfashi, ka ɗan ja sandar har ka ji ta yi ƙaras a jikin faifai, sannan ka tura ƙasa da ƙafafu. Sanda ta riƙa gogar ƙwauri da cinya har ka miƙe. A sama ka tsaya ƙyam, ba sai ka gantsare ba. Wajen ajiyewa ka fara tura ƙugu baya, sanda ta wuce gwiwa kafin ka karya gwiwar. Kowace ɗagawa daga ƙasa take farawa, a tsaye cak. Ba a buga faifai a ƙasa don ya yi tsalle.

Zango ɗaya aka ba shi domin ya fi sauran gajiyar da jiki, kuma baya ya riga ya yi aiki a tsuguno.

Gargaɗi: idan ƙananan faifai ne a sanda, za ta yi ƙasa da santimita 22 da rabi, dole bayanka ya ranƙwafa kafin ka kai gare ta. Ka ɗora faifan a kan katako ko bulo har tsayin ya cika. Hannu a miƙe yake kamar igiya. Lanƙwasa shi da fizga na iya tsinka jijiyar damtse. Idan bidiyo ya nuna kwankwasonka na yin doro yayin da sanda ke barin ƙasa, ka rage nauyi nan take. Ka sa dogon wando saboda ƙujewa. Gumi ya sa sanda na zamewa, ka shafa allin ɗaga ƙarfe ko ka goge hannu da tsumma.

Mataki na 8: Turin ƙirji a benci

Ka kwanta idanunka daidai ƙarƙashin sanda. Ka matse allunan kafaɗa ka danna su a benci, ƙirji ya ɗan taso, mazaunai a manne da benci, ƙafafu a kafe a ƙasa. Faɗin riƙo shi ne wanda zai sa sangalin hannu ya tsaya a miƙe idan sanda ta taɓa ƙirji. Ka sauke ta a hankali zuwa ƙasan ƙirji, kusa da ƙahon zuci, ta taɓa, ka tura ta sama ta ɗan koma saitin kafaɗa. Gwiwar hannu kada ta buɗe har ta yi layi ɗaya da kafaɗa. Ta zauna tsakanin jiki da layin kafaɗar. Buɗe ta gaba ɗaya shi ke kawo ciwon gaban kafaɗa da masu benci da yawa ke fama da shi.

Gargaɗi: wannan ita ce ɗagawar da ta fi haɗarin kisa, domin sanda tana saman wuya da ƙirji. Babban yatsa ya zagaye sanda ko da yaushe. Kada ka yi ta kai kaɗai sai da matarai. In dole ta sa ka yi ba kowa, kada ka matse bakin faifai, don ka iya karkatar da sanda su zube gefe. Mai tsaya maka ya tsaya ta wajen kanka, hannayensa kusa da sanda, kada ya taɓa sai ta tsaya ko ta fara komawa ƙasa. Duk ɗagawar da ya sa hannu a cikinta ba a rubuta ta.

Mataki na 9: Turi sama da jan sanda

A turi sama kana tsaye ne, sanda a gaban kafaɗa, riƙo ya ɗan fi faɗin kafaɗa. Ka matse mazaunai da ciki, ka ja haɓa baya sanda ta wuce fuska, ka tura ta miƙe har ta tsaya saman tsakiyar kai. Mai sakin mazaunai yana gantsarewa, kwankwaso ya ɗauki nauyin. Ita ce ke riga kowa tsayawa, saboda tsokokinta ƙanana ne.

A jan sanda kana sunkuye, baya a miƙe, ka jawo ta zuwa saman cibiya, ka sauke a hankali. Idan sai ka yi fizga da ƙugu take tasowa, ta yi nauyi. Mai iya jan jikinsa sama a sandar lilo yana iya musanya su lokaci-lokaci.

Mataki na 10: Ƙari da rubutu

Duk ranar da ka cika zango da ɗagawar da aka ce, da tsari mai kyau, ka ƙara nauyi a zuwa na gaba: kilo 2.5 a tsuguno, kilo 5 a ɗauka daga ƙasa na makonni uku zuwa huɗu sannan 2.5, kilo 2.5 a benci da turi sama, daga baya ka koma kilo 1 ko 1.5. Ƙaramin ƙari irin wannan ana samunsa da jakunkunan yashi biyu da aka auna aka rataya a bakin sanda. Kilo 2.5 kamar ba komai ba ne, amma wanda ya fara tsuguno da 30 yana ƙarawa sau uku a mako, in babu tangarɗa, a ƙarshen mako na takwas yana kan 87.5. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka rubuta kwanan wata, nauyi, da abin da ka samu a kowane zango, misali 60: 5, 5, 4. Idan ka kasa cikawa, ka maimaita nauyin a zuwa na gaba. Idan ka kasa sau uku a jere, ka rage kashi 10 cikin 100 ka sake hawa. Kafin ka rage, ka tambayi kanka abu uku: na yi barci, na ci abinci, na huta sosai tsakanin zango? Yawancin tsayawar watannin farko daga ɗayansu take.

Mataki na 11: Abinci, ruwa da barci

Furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, ana neman wajen giram 1.6 ne ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 70 yana neman kusan giram 112. Ƙwai uku suna ba da 18, kwanon dafaffen wake mai giram 250 wajen 19, rabin litar nono wajen 16, dafaffen nama ko kifi mai giram 100 wajen 25, gyaɗa giram 50 wajen 12. Ka kai 90 ke nan, sauran kuma tuwo, shinkafa, fura da burodi za su cike. Awara, ƙuli-ƙuli da kilishi duk suna cikin lissafi. Garin furotin na gwangwani sauƙi kawai yake kawowa, wake da ƙwai sun fi shi arha. Siriri mai son ƙara jiki ya ƙara abinci har sikeli ya riƙa hawa da kwata zuwa rabin kilo a mako. Barci sa'a 7 zuwa 9.

A bazara ka yi atisaye da sassafe ko bayan magariba, ka riƙa kurɓar ruwa tsakanin zango. Da azumi ka mayar da shi bayan buɗa-baki da sa'a ɗaya ko bayan tarawihi, kwana biyu a mako, zango biyu maimakon uku, ka riƙe nauyin da kake kai ba tare da neman ƙari ba.

Gargaɗi: deksametason da wasu ke sha da sunan maganin ƙiba ruwa da kitse yake tarawa, yana kumbura fuska, yana cinye tsoka, yana raunana ƙashi. Allurai da ƙwayoyin murɗa jiki suna lalata hanta da zuciya, suna rage maniyyi. Tiramol yana ɓoye ciwon da ya kamata ya tsayar da kai, ga kamu da jaraba. Kada ka kusanci ko ɗaya.

Mataki na 12: Bambance tsami da rauni

Tsamin jiki yana zuwa washegari, ya tsananta a kwana na biyu, ya lafa kafin na huɗu. A cikin naman tsoka yake, hagu da dama, kuma yana sauƙi idan jiki ya ɗumama. Ana atisaye da shi. Ciwon da ke suka a cikin gaɓa, ko wanda ke ƙaruwa da kowane zango, shi ake tsayawa saboda shi: ka rage nauyi da rabi, in bai bari ba ka bar wannan ɗagawar na mako guda ka ci gaba da sauran.

Asibiti kai tsaye idan ka ga ɗayan waɗannan: ciwon ƙirji ko numfashi na sarƙewa, ciwon baya mai sauka ƙafa tare da dindiris ko rashin ƙarfi, kumburi a matsematsi ko cibiya, ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya yayin ɗagawa, ko fitsari ya koma kalar baƙin shayi tare da kumburin tsoka bayan atisaye mai tsanani, domin wannan na iya taɓa ƙoda.

Idan zazzaɓi ko tafiya ta raba ka da ƙarfe mako ɗaya, ka dawo da ragin kashi 10 cikin 100. Mako biyu zuwa uku, kashi 20. Bayan mako na 12, ko lokacin da ragi biyu suka kasa motsa wata ɗagawa, ka mayar da ƙarinta sau ɗaya a mako, ka sa ranar tsakiya ta zama mai sauƙi da kashi 80 cikin 100 na nauyin ranar farko.